Kwaɗo Arba'in

A garin Lafia in ka tambayi Malama Asabe, sai a ce maka wacce daga ciki? Amma ka ce Malama Kwaɗo, ko ɗan acaba zai kai ka har ƙofar gidana. Ba ni na zaɓi sunan ba, kuma na daina faɗa a kansa tuntuni. Ku 'yan bautar ƙasa da sababbin malamai da ake turowa kowace shekara, ku kuka fi kowa tambayar asalinsa, kuma ku ɗin ne dai kuke cewa koyar da bayoloji ba wuya, wai ka kwafe littafi a allo, ka zana zuciya, a kaɗa ƙararrawa ka kama gabanka. To, ku gyara zama.

Na fara aiki shekarar da aka ba mu jiha, a wata sakandaren jeka-ka-dawo ta wajen Akurba. Ranar farko na shiga aji ina ji da kaina, na cika allo da bayanin ƙwayar halitta, wadda littafi yake kira sel. Na juyo na ce, "Kun gane?" Suka amsa da ƙarfi, "Yes, Ma!" Da na fito sai na tarar da wani gajeren dattijo a jikin taga, ashe tun ɗazu yana tsaye yana saurare. Mista Terna ke nan, Tibi ne daga Binuwai, shi ne babban malamin kimiyya. Ya yafito wani ɗalibi ya ce ya faɗa masa abin da aka koyar yau. Ɗalibin ya ƙame ya ce, "Sel, sa. Inda ɗan sanda yake kulle mutum."

Mista Terna bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, ka gani? Yaran nan, wani Eggon, wani Alago, wani Migili, wani Tibi, wani Fulani. Turanci ba nasu ba, Hausa ma rabi aro ne. Kar ka faɗa abu kawai, nuna shi. In ka nuna, sa shi ya nuna maka abin da ya gani." Shi a bakinsa kowa "ka" ne, mace ko namiji, har matarsa. Wannan maganar ita ce duk karatun da na yi a hannunsa shekara da shekaru, sauran duk ƙari ne.

Washegari ya sa na zo da albasa. Muna da madubin ƙara girma guda ɗaya tak, maikuroskof, irin mai ɗan madubi a ƙasa wanda sai ya kamo hasken rana yake aiki. Muka fito da tebur gefen bishiyar mangwaro, ya ɓare fatar albasa siririya da reza, ya ɗiga mata aidin ɗin kemis, ɗalibai sittin suka yi layi kamar masu jiran awo. Kowa ya leƙa ya ga ɗakuna jere kamar bulo, ya koma ya zana. In gajimare ya gifta, darasi ya tsaya sai ya wuce. Wanda ya ce sel na 'yan sanda ne, da ya leƙa ya ɗago ya ce, "Ma, ashe ma ya yi kama." Ban musa masa ba.

Lab ɗinmu tsohon sito ne, kayan aikinmu kuma rabinsu daga bola suka fito. Huhu, gorar roba ce da aka yanke gindi da balan-balan biyu. In za mu nuna yadda ruwa yake ratsa jikin tsiro, doya muke rarakewa mu zuba ruwan gishiri, mu zaunar da ita a kwanon ruwa, kafin a tashi ruwan cikinta ya hau. Ƙasusuwa wurin mahauta nake roƙo, in dafa, in kankare, in shanya a kan rufin kicin, har maƙwabta suka daina tambaya. Kwalabe kuwa, duk wadda ke da faɗin baki da murfi ba ta wuce ni, ko a gidan biki ne. Abin jiƙa ƙwari da ƙadangaru don kada su ruɓe, in maganin asibiti ya gagara, ogogoro ne, giyar nan mai ƙarfi, kuma wannan sayayyar Mista Terna na bar wa, don ba za a gan ni da lulluɓina a rumfar ba.

Iyaye ma darasi ne. Akwai Malam Buba, Bafulatani da rugarsu ta zauna a bayan makaranta, ya zo wata rana ganin ɗansa, ya tsaya a taga ina zana kan saniya. Na jera mata haƙora sama da ƙasa, farare tas. Ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, wannan saniyar ta wane gari ce? Tamu dai ba ta da haƙoran gaba a sama." Na duba littafi, gaskiyarsa. Mako na zagayowa ya aiko min da ƙoƙon kan saniya a buhu, kuma da shi na yi ta koyarwa har na bar aji.

Yanzu ga aikin da ba a gaya muku a kwaleji. Jarrabawar fita tana da ɓangaren gwaji, firatikal, inda ake ajiye wa ɗalibi abu a gabansa ya duba, ya zana, ya faɗi abin da ya gani. Ana saura 'yan kwanaki ake ba malamin bayoloji takarda a rufe, mai jerin abubuwan da zai tanada. Sirri ce. Ba ka gaya wa ɗalibi, ba ka aikensa nema, ko mijinka ba ka gaya wa. In abu ɗaya ya ɓace a teburin, tambayoyin da ke kansa sun tafi, kuma ɗalibin da ya faɗi firatikal da wuya ya tsira da bayoloji. Wanda ke son aikin jinya ko koyon haɗa magani, shekararsa ta tafi ke nan.

Shekarar da nake ba ku labari, wajen shekarata ta biyar, wayar hannu ba ta iso mana ba tukuna. Mista Terna ya zama mataimakin firinsifal, ya sakar min lab gaba ɗaya, karo na farko da nauyin ya hau kaina ni kaɗai. Ɗalibai tamanin, biyu-biyu a kan kowane abu, wato komai arba'in. Takarda ta zo da karfasa, doya, wake, masara, ƙashin akuya, da kwaɗo. Ruwa ya sauka sau biyu a farkon damina ya ɗauke, mako uku ko ɗigo, shuka duk ta yi yaushi. Ni kuma ga aikin sa ido a wasu jarrabawoyin ya riƙe ni safe da yamma.

Sai na kira masinjanmu, Baba Tsaku. Dattijo ne Eggon, tsohon mai gadi, yana zaune a ɗan ɗaki a bakin get, mutum ne da in ka aike shi ba ya dawowa da uzuri. Ba ya karatu, don haka na ja shi bayan lab ranar Juma'a na karanta masa da baki, ina waige-waige. Na ba shi abin da ofis ya bayar na sayayya, na ce, "Baba, kifi, doya, wake, masara, ƙashi, duk ka sani. Sai kwaɗo arba'in. Kada kowa ya ji."

Ya ce, "Kwaɗo arba'in. Babba ko ƙarami?"

Na ce, "Matsakaici, wanda zai zauna a tafin hannu. Masu lafiya fa."

Ya yi ɗan tunani ya ce, "Na Chaina zai yi?"

Na ɗauka tsokana ce irin tasa. Na yi dariya na ce, "Baba, ko na Makka ne, in dai arba'in ne." A raina zai bi masunta ko masu lambu a fadama su kamo masa. Abin da ban tuna ba, a wannan watan ne iyayen yara suka kawo mana sababbin lokoki, akwatunan ajiye littattafai na ɗakin karatu, guda arba'in cif, kuma kullum firinsifal yana mitar ba su da abin kullewa.

Litinin da safe, jarrabawa gobe Talata ƙarfe tara, Baba Tsaku ya shigo ɗakin malamai da kaya. Kifi a ƙanƙara, doya, wake, komai tsaf. Sannan ya sauke wani ɗan buhu a kan teburina, na ji ya yi ƙarar ƙarfe. Na kwance. Kwaɗo ne kam, arba'in, masu ruwan gwal, kowanne da makullansa biyu a ɗaure da zare.

Ina da baki, wannan kowa ya sani, kuma ranar na sake shi. Na ce da girmansa da furfurarsa bai san kwaɗo ba? Na ce ya kashe min yara tamanin. Na faɗi abin da bai kamata 'yar cikinsa ta faɗa masa ba, a gaban malamai, har da masu leƙe ta taga. Ya tsaya da hularsa a hannu har na gaji, sannan ya ce, "Malama, kai ka ce kwaɗo. Duka kaya na kasuwa ne. Na tambaya ka na Chaina, ka ce ko na Makka. Wane mutum ne zai aika mutum kasuwa ya sayo wancan ɗayan?"

Malamin lissafi ya kasa riƙewa, ya ce, "Ki gode Allah bai kawo miki na zogale kwano arba'in ba." Ɗaki ya kwashe da dariya, ban da ni da Baba. Mista Terna yana zaune a kusurwa yana jan biro a takarda, ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Malama, ka faɗa masa. Ka nuna masa?"

Kunya ta rufe ni. Shekara biyar ina hana ɗalibai cewa "Yes, Ma" a kan abin da ba su gani ba, ga shi ni da kaina na faɗi kalma mai fuska uku na juya baya. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na dattijo. Malamai kuma duk sun ji, amma su ma rantsuwar sirrin tana kansu, Mista Terna ya tuna musu da kallo ɗaya.

Na ce zan tafi rafi. Baba Tsaku ya mai da hularsa ya ce, "Rafi ya bushe, kwaɗo ba ya can. Yana gindin randa." Na ce wace randa? Ya ce, "Kowane gida. Inda mace yake ajiye ruwa, ƙasa yana da sanyi, yana shiga ƙarƙashi ya kwanta. Ni ba zan shiga gidan mutane ba. Kai mace ne, kai za ka shiga." Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ya dai ɗauko bokiti mai murfi ya zuba jiƙaƙƙen ganye a ciki ya yi gaba.

Haka na yini a Akurba, gida-gida, ina sallama. Gidan farko na wata Hajiya ce, ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa, ta ɗauka maganar 'yarta Rakiya ce ta kawo ni, don tana cikin masu jarrabawar. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, alfarma nake nema, in ɗan duba gindin randarki." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Randa kuma, Malama? Lafiya?" Na ce lafiya lau. Muka karkata randar tare, ga su biyu sun lafe a laima, na sa hannu a leda na cafke. Ta ja da baya ta ce, "Me za ki yi da su?" Ba ni da ikon faɗa. Na ce, "Wata 'yar buƙata ce." Ta riƙe haɓa ta ce, "Allah ya kyauta. Ke da iliminki?"

Kafin azahar labari ya riga ni gaba. Wai Malama tana haɗa asiri, wasu suka ce na neman girma ne a wurin aiki, wasu suka ce na rufe bakin firinsifal ne. Wani gidan ina sallama za a ce matar gidan ba ta nan, alhali ina jin muryarta. Wata tsohuwa kuwa ta ja ni gefe ta raɗa min cewa in ya yi aiki in taimaka mata da sunan malamin. A gidajen Tibi masu doya Baba yana shiga tare da ni, wata Mama Dooshima ta ɗaga mana tulunanta tana dariya tana cewa, "Madam, kwashe duka, dama yana damu na da kuka." Na zaɓi a kira ni mai asiri da in buɗe baki, don asiri ni kaɗai zai ɓata, sirrin jarrabawa kuwa in ya fita, makaranta gaba ɗaya za a soke wa sakamako.

Da la'asar muna da talatin da ɗaya, ƙafata ta kumbura, zanina duk taɓo. Baba ya ce mu gangara ruga. Da Malam Buba ya ji abin da muke nema, bai tambaye ni dalili ba. Ya ce, "Malamar saniya mai haƙora, yau kuma me aka zana ba daidai ba?" Ya kai mu inda suke shayar da maruƙa, ya sa ƙafa ya ture wani tsohon kwami na itace, ƙarƙashinsa danshi, muka tsinci takwas. Muka juya duk wani dutse da kututture har aka kira magariba, ba ƙari. Talatin da tara.

Muka zuba su a rabin duro a sito, na rufe da ragar taga, na ja ƙofa. Sai na tuna ƙofar ba ta da abin kullewa tun da aka karya na da. Baba ya laluba aljihu ya miƙo min ɗaya daga cikin na Chaina. Na datse. Kwaɗo a ciki, kwaɗo a waje.

Saura ɗaya, kuma ɗayan nan ɗalibai biyu ne. Mai sa idon da aka turo mana mutum ne da ba ya lanƙwasa, na san ba zai yarda a tashi daga kujera a leƙa na wani ba. Talata da sassafe ina jera kwalabe a tebura, waɗannan dai da na yi shekaru ina tsinta, kowacce na huda murfinta, na iso ta arba'in ba abin sawa. Sai ga Baba a ƙofa, ya riƙo hularsa da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ce, "Wannan na ɗaki na ne. Shekara uku yana gindin randa na yana cin sauro. Aro ne na ba ka. A dawo min da shi da rai."

Da niyyata in sumar da su duka da magani kamar yadda aka saba, daga nan kuma ba mai tashi. Saboda maganar Baba na fasa. Tambayoyin duk na siffar waje ne, don haka na sa kowanne a kwalbarsa da ɗan jiƙaƙƙen auduga, da ransa, yana zare ido. Da aka buɗe ƙofa ɗalibai suka shigo, na ga Rakiya ta dubi kwalba, ta dube ni, ta toshe baki da gefen hijabinta. A nan ta gane asirin da uwarta ta kwana tana yi min addu'ar shiriya a kansa. Lambarta ta faɗa a tebur na ƙarshe, kan kwaɗon Baba.

Da aka tashi ta same ni a bayan lab, ido ya yi ja. Ta ce, "Ma, na ɓata. Littafi ya ce ƙafar baya yatsa biyar ne. Nawa ta hagu huɗu ce, na ƙirga sau uku. Ta kusa da ni ta zana biyar, ni na zana huɗu, na rubuta a gefe cewa ɗaya ya guntule." Na ce, "Me ya sa ba ki bi littafi ba?" Ta ce, "Ke kika ce mu zana abin da muka gani." Na ji daɗi har sai da na juya baya na gyara ɗankwali. Ban san abin da mai maki ya yi da yatsan nan ba, amma da sakamako ya fito Rakiya ta ci bayoloji da kyau, yawancinsu ma sun haye, kuma yau ita ce take auna min hawan jini.

Kafin nan dai, a ranar da yamma, na juye kwalabe duka a bokiti don in mai da su inda na ɗebo. Na tsaya sai da ɗakin malamai ya cika kamar jiya, na kira Baba Tsaku, na durƙusa har ƙasa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya a nan, a nan zan ba ka haƙuri. Laifina ne." Ya ce, "Tashi, Malama, ya wuce. Ina kaya na?" Na sa hannu a bokiti na ɗauko wani ƙato mai kyau na miƙa masa. Ya dube shi ya girgiza kai.

"Wannan ba nawa ba."

Na ce, "Haba Baba, kwaɗo ai kwaɗo ne."

Ya ce, "Jiya ma haka ka ce."

Ya tsuguna ya yi ta juya su ɗaya bayan ɗaya, can ya ɗago wani ɗan madaidaici, ya buɗe min ƙafarsa ta hagu. Yatsa huɗu. Ni da na sa shi a kwalba da hannuna, na ɗora a tebur, na zagaya shi awa biyu, ban gani ba. A makarantar nan kaf mutum biyu ne suka duba kwaɗon nan da gaske, ɗaliba da masinja, malamar bayoloji ba ta ciki.

Kwaɗin Chaina sun tafi lokokin ɗakin karatu, firinsifal har yana yaba wa Baba da hangen nesa, sai ɗaya da ya zauna a ƙofar lab. Shekarar da na bar aji, dubu biyu da goma, shi na miƙa wa wanda ya gaje ni, saurayi mai digiri sabo. Na ce, "Ga kwaɗon lab, ka kula da shi." Ya ce, "Yes, Ma," ya sa a aljihu zai wuce. Na riƙo hannun rigarsa na ce, "Dawo. Nuna min abin da ka ji."